Ɗan Wa Aka Gina wa Makaranta? Daga Kudancin Amurka zuwa Gwarzo da Kabo

A shekarar 1947, a gundumar Clarendon ta jihar Karolina ta Kudu a Amurka, wani manomi baƙar fata mai suna Levi Pearson ya shiga gaba wajen neman hukumar ilimi ta ba yaran baƙaƙen yankinsu motar makaranta guda ɗaya tak. 'Ya'yansa mil 9 suke takawa a ƙafa kafin su isa aji, su kuma tako mil 9 su dawo gida. A lokacin gundumar tana da motoci kimanin 30 masu jigilar 'ya'yan fararen fata, na baƙaƙe kuwa ko ɗaya babu. Aka ce musu harajin da suke biya bai kai a saya musu mota ba. Iyayen suka yi karo-karo suka sayi wata tsohuwar mota da kansu, suka roƙi hukuma ta riƙa zuba mata ko da mai ne. Shi ma aka hana.

Tun 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Plessy, cewa ba laifi ba ne a raba fari da baƙi a wuraren jama'a, muddin abin da aka ba wannan daidai yake da na wancan. Rabawar kam an yi ta da gaske, daidaitawar ce ba a taɓa gani ba. A Clarendon, wajen 1949, ana kashe wa kowane ɗalibi fari dala 179 a shekara, baƙi kuwa dala 43. Daga maganar mota magana ta girma ta zama ƙara a kotu, kuma waɗanda suka sa hannu sun ɗanɗana kuɗarsu. Harry Briggs, wanda sunansa ya zo farko a takardar, an kore shi daga gidan man da yake aiki, matarsa Eliza ma ta rasa nata aikin. Fasto Joseph DeLaine, malamin makarantar da ya tara iyayen, an sallame shi, gidansa ya ƙone ƙurmus, daga baya ya bar jihar don tsira da ransa. Ƙarar tasu ce aka haɗa da wasu huɗu, lauya Thurgood Marshall ya jagoranta, har ranar 17 ga Mayu, 1954, alƙalai 9 na Kotun Ƙoli suka yi ittifaƙi a shari'ar Brown cewa raba yara a makaranta saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Yawancin masu ba da wannan labari nan suke tsayawa, su ce gaskiya ta yi halinta. Amma abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar mu. A gundumar Prince Edward ta jihar Bajiniya, hukuma ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya, daga 1959 zuwa 1964, da ta ga yaro baƙi ya zauna kusa da fari. Fararen suka buɗe wa 'ya'yansu makarantu masu zaman kansu, 'ya'yan baƙaƙe da yawa suka yi shekara biyar a gida. A birnin New Orleans, a Nuwamban 1960, sai da jami'an tarayya suka raka Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6, kafin ta shiga aji, kuma kusan shekara guda ita kaɗai malamarta ke koyarwa domin an janye sauran yaran. Da aka ga ƙarfin tuwo bai yi ba, sai aka koma ga dabara. Masu hali suka ƙaura daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwanni na bayan gari. Makarantun Amurka kuwa kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidajen yankinsu yake fitowa: unguwa mai tsadar gidaje makarantarta ta wadata, unguwar talaka makarantarta ta tsiyace. A 1973, a shari'ar Rodriguez, kotun nan dai ta ce wannan bambancin kuɗi bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. A 1974, a shari'ar Milliken, ta hana a tilasta haɗa makarantun birnin Detroit da na unguwannin da ke kewaye da shi. Duka biyun da rinjayen alƙali ɗaya aka yanke su, 5 da 4. Daga nan ba a ƙara bukatar rubuta launin fata a doka ba. Inda aka haife ka da abin da ke aljihun mahaifinka sun isa su yi aikin.

Mai karatu a Getso ta Gwarzo ko Garo ta Kabo zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Mu nan duka fatarmu ɗaya, ba a taɓa kafa allo a ƙofar wata firamare an ce wane ba ya shiga ba. Haka ne, kuma ba zan kwatanta halin da muke ciki da na mutanen da aka yi ta ratayewa a bishiya don sun nemi 'yancinsu ba. Yin haka rashin adalci ne gare su. Sai dai akwai zare da ya haɗa makarantun kudancin Amurka da namu, kuma bakin zaren yana nan cikin Kano, a wani gidan ƙasa da ke unguwar Nasarawa.

Gidan Ɗan Hausa

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen, haifaffen birnin Basel ne na ƙasar Suwizalan. Da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan, sannan ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka kuma ɗora masa tsara ilimin boko na Arewa baki ɗaya. A 1909 ya buɗe makarantunsa a Nasarawa. Ba makaranta ɗaya ba ce, hawa-hawa aka yi ta: akwai ajin malamai da za a koya wa rubutun boko da lissafi don su yi wa En'e aiki, akwai makarantar 'ya'yan sarakuna, akwai elementare, akwai kuma ta koyon sana'ar hannu, inda galibi 'ya'yan barori da bayin gidan sarauta suka fi yawa. Wajen 1913 ɗaliban duka sun ɗan haura 200 ne kawai, daga lardunan Arewa gaba ɗaya. Tun daga tushe ke nan, ba don ɗan manomi aka gina makarantar ba. An gina ta ne don a samu mai rubuta haraji, da mai riƙe littafin baitulmali, da magajin hakimi wanda zai iya karanta takardar Razdan.

A daidai wannan zamani, a Amurka, akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi game da irin ilimin da ya dace da baƙar fata. Cibiyarsa makarantun Hampton da Tuskegee ne, ta biyun Booker T. Washington ya shugabance ta tun kafuwarta a 1881. Ra'ayin shi ne a koya wa baƙar fata noma da kafinta da ƙira da tsabta da ladabi, a rage kwaɗaita masa karatun da zai sa ya nemi zama lauya ko ɗan majalisa. W.E.B. Du Bois ya yi ta sukar wannan hanya, yana ganin shiri ne na dawwamar da mutanensa a ƙasa. Masu mulkin mallaka kuwa abin ya yi musu daɗi. Gidauniyar Phelps-Stokes ta Amurka ta turo tawaga Afirka sau biyu, a 1920 zuwa 1921 da kuma 1924, ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tsohon malamin Hampton, tare da James Aggrey ɗan ƙasar da ake kira Gana a yau. Shawararsu ita ce a daidaita ilimin ɗan Afirka da matsayin da ake ganin zai tsaya a kai. A 1923 gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin ba da shawara kan ilimin 'yan ƙasa a yankunan Afirka da take mulka. Sakataren wannan kwamiti, wanda ya riƙe kujerar har 1939, ya kuma bi tawagar ta biyu zuwa Gabashin Afirka, shi ne Ɗan Hausa. Takardar manufa da kwamitin ya fitar a 1925 ta ɗauki wannan ra'ayi kusan ɗungurungum.

Ba ina nufin Vischer mugu ne ba. Ya so Hausa, ya girmama gine-ginenmu da sana'o'inmu fiye da Turawa da yawa na zamaninsa. Amma ana iya son mutane kuma a yanka musu iyakar da ba za su tsallake ba, kuma haka aka yi.

Birnin Kano kansa an yanka shi gida-gida. Turawa suna Nasarawa da Bompai, da fili mai faɗin yadi 440 da ƙa'ida ta ce a bari tsakaninsu da 'yan ƙasa, da sunan kiyaye lafiya. Mutanen Kudu an ware musu Sabon Gari tun wajen 1913. Kanawa suna cikin ganuwa. Bayan alƙawarin da Gwamna Lugard ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba, an taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, a Kano sai a Sabon Gari aka bar su su buɗe makarantu. Wannan kariya ce da sarakuna da malamai suka so, kuma suna da dalilinsu. Laifin gwamnati shi ne da ta rufe waccan ƙofa ba ta buɗe tata da faɗi ba. Kuɗin harajin talaka da jangalin Bafillace suna shiga baitulmali, abin da ake ware wa makarantu kuwa bai taka kara ya karya ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ƙololuwa, kuma 'yan ƙalilan take ɗauka a shekara. Ko Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ake misali da shi a matsayin wanda ba ɗan sarauta ba, ta gidan hakimi ya samu hanya, domin mahaifinsa yaron hakimin Lere ne.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lissafawa ba. Turawa sun tarar da makarantun allo kimanin dubu 20 a Arewa, da malamai masu rubuta wasiƙa da hukunci da waƙa cikin Larabci da ajami. Da aka zaɓi boko ya zama rubutun ofis, waɗannan mutane aka wayi gari ba a ƙirga su cikin masu karatu. Aka bar tsangaya ba tallafi, ba takardar shaida, ba hanyar aiki. Yaron da muke gani yau da roba a hannu a tashar mota, jikan wannan hukunci ne.

Yammacin Kano

To, a wannan tsari, ina rabon ƙasar Gwarzo? Bayan an fitar da hakimai daga birni an zaunar da su a gundumominsu, makarantar elementare, in an samu, garin hakimi take zuwa. Hakimi ya aika wa dagaci ya kawo yara, dagaci ya aika wa mai unguwa. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu ko a tura shi wajen dangi a wani gari in an ji masu ɗaukar yara sun iso, da yadda mai hali ke kai kaza ko damin dawa a tsallake gidansa. Sau da yawa maraya ko ɗan wanda ba shi da kowa shi ake miƙawa, wasunsu kuma su ne suka zama manyan ma'aikatan farko. Ana yawan ba da wannan labari don a nuna cewa iyayenmu ne suka ƙi boko. Ni ina ganin an ɗora musu fiye da nasu. Mutumin da bai taɓa ganin hukuma ba sai ranar karɓar haraji ko ɗibar mutane aikin tilas, da wane dalili zai yarda cewa wannan karon alheri ta zo da shi? Kuma ko da duk ƙauyen sun yarda, aji nawa aka gina?

Akwai waɗanda ko masu ɗaukar yaran ba sa isa wajensu. Yammacin Kano, daga Gwarzo zuwa Ƙaraye da Rogo har a tsallaka Malumfashi, tsohuwar ƙasar Maguzawa ce. A wannan shiyya ta ƙasar Kano masanin harsuna Joseph Greenberg ya yi bincikensa a kansu a 1938 da 1939, ya fitar da littafi a 1946. Hausawa ne gaba da baya, manoma na gaske, amma zamansu a warwatse yake, manyan gidaje a tsakiyar gonaki, nesa da garin hakimi. Makarantar En'e ba ta je musu ba, ta mishan kuma an tsare ta. Sai a 1937 aka bar ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, daga nan ne ƙofa ta ɗan buɗe. A Wusasa ta Zariya, inda mishan ɗin Dakta Walter Miller ya koma a 1929, 'yar ƙaramar al'umma ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wannan ya nuna abin da makaranta mai kyau guda ɗaya ke iya yi. Maguzawan yammacin Kano ba su samu irinta ba. A yau galibinsu sun musulunta ko sun zama Kirista, amma unguwanninsu na nan inda suke, a ƙarshen hanya, kuma kalmar raini da ake jifan yaransu da ita a filin wasa ba ta mutu ba. Duk wanda ya tashi a yankin ya san kalmar da nake nufi, kuma ya kamata mu ji kunyarta.

Haka ɗan Fulanin ruga. Sai a 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa. Haka 'ya mace: makarantun 'yan mata na farko da gwamnati ta buɗe a Kano da Katsina a 1930 a jikin gidajen sarauta suke, don 'ya'yan gidan da na fadawa.

Sakamakon ya fito fili dab da samun 'yancin kai. A 1957 yaran firamare a Arewa duka ba su kai dubu 200 ba, alhali na Kudu sun haura miliyan 2. Jihar Yamma ta riga ta fara ilimin firamare kyauta tun 1955 ƙarƙashin Obafemi Awolowo. Malam Aminu Kano da abokansa, da suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, sun ga cewa rabuwar ba tsakanin Kudu da Arewa kaɗai take ba, tana nan cikin gida tsakanin masu sarauta da talakawa.

Turawa sun ci Kano a 1903, sun tafi a 1960, shekara 57 ke nan. Shekarun da muka yi muna mulkin kanmu sun fi haka yawa yanzu. Don haka iyakar inda za a kai da ɗora musu laifi ta zo.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. A Satumban 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, kuma a ƙauyuka da yawa na Gwarzo da Kabo wannan ne karo na farko da aka ga ginin aji. A shekarar ce kuma, ranar 16 ga Yuni, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta kan ɗaliban Soweto da suka fito suna ƙin tsarin ilimin wariya da aka kafa da dokar 1953, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi tsaya wa waɗannan yara, har ta karɓi wasunsu a makarantunta. Amma a gida yaran UPE sun zo fiye da yadda aka yi tsammani, aka horar da malamai cikin gaggawa, kuɗin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Albashin malamin firamare ya zama abin da ake jira wata da watanni. A nan ne masu hali suka yi abin da fararen Prince Edward suka yi, ko da yake ba da niyya irin tasu ba: suka zare 'ya'yansu suka kai makarantun kuɗi. Daga ranar da ɗan kwamishina da ɗan babban sakatare suka daina zama a ajin gwamnati, ajin ya rasa mai yi masa kuka a inda ake jin kuka.

Abin da ake gani yau

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo mutum sama da dubu 180, Kabo sama da dubu 150, kuma tun daga lokacin an ƙaru sosai. Titin da ya tashi daga Kabuga ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya bi ta Janguza da Rimin Gado, shi ne ya ratsa ƙasar Kabo ya isa Gwarzo, tafiyar kilomita kimanin 70. Makarantun da ke bakin wannan titi su ne masu fenti, domin su baƙo ke gani. A sauka daga kwalta a yi tafiyar rabin awa a kan babur, nan ake ganin ainihin lamarin.

Ga irin ajin da nake nufi, kuma ba sai na kama suna ba don ba guda ɗaya ba ne. Iskar farkon damina ta ɗage rabin kwanon rufin, ba a mayar ba. Simintin ƙasa ya farfashe ya koma turɓaya, yara suna zaune a kan buhunan taki da suka zo da su daga gida, littafi a kan gwiwa. Allon bango ya koɗe har alli ba ya kama shi, sai an shafa masa baƙin tsohon batir. 'Yan aji uku da 'yan aji huɗu an haɗa su ɗaki ɗaya domin malamai biyu ne suka zo, ɗayansu kuma shi ne hedimasta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A nan malami yana fuskantar ninkin haka sau biyu ko uku, ya rubuta a allo, su maimaita da ƙarfi, a tashi. Ba rijiya, ba makewayi, kuma rashin makewayin nan kaɗai ya isa ya sa yarinya da ta fara girma ta daina zuwa. Ranar kasuwa aji ya rage rabi. Lokacin noman farko da lokacin girbi ma haka. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, balle Turancin da za a yi masa jarrabawa da shi.

Babbar hanyar da wariyar nan ke bi ita ce rabon malamai. Ana ɗaukar malami a tura shi ƙauye, kafin shekara ta zagayo ya samo takarda daga wani babba an mayar da shi birni ko hedikwatar ƙaramar hukuma. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai. Ba gidan malamai, ba asibitin kirki kusa, kuɗin mota ya cinye albashi. Wanda ya rage shi ne wanda ba shi da kowa a sama, ko kuma ɗan garin da ya ɗauki abin ibada, kuma irin waɗannan su ne ke riƙe da makarantun ƙauye da haƙoransu. Malamin lissafi, malamin kimiyya, da malama mace wadda ganinta ke sa uba ya saki jiki ya bar 'yarsa, su ne suka fi wuyar samu.

Ƙaramar sakandare tana iya zama kilomita da yawa daga gida. Namiji a saya masa keke in da hali. Mace kuwa, uba ya dubi hanyar, ya dubi zamani, ya ce ta zauna. Mafita a da ita ce makarantar kwana. Sai ga abin da ya faru a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, inda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana, kuma Ƙanƙara ba nisa gare ta da iyakar yammacin Kano ba. Bayan an yi irin wannan satar ɗalibai a Kagara da Jangebe, a Fabrairun 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na wajen birni da wasu manyan makarantu, har da Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo. Matakin kare rai ne, ba mai cewa kada a ɗauka. Amma ɗan birni ya ci gaba da zuwa makarantarsa ta jeka-ka-dawo, ɗan ƙauye ne ya zauna a gida.

Wanda ya jure ya kai ƙarshe, sai ya tarar da jarrabawar kwalifayin, wadda sai ya ci ta gwamnati za ta biya masa kuɗin NECO. Bayanta ga JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan na'urar, suna neman inda za su danna, agogo yana tafiya, a gefensu kuma ga wanda ya tashi da ita a ɗakinsu. Maki ɗaya ake nema daga su biyun, a kuma kira shi cancanta.

Za a ce ai Gwarzo da Kabo sun fitar da manya. Gaskiya ne. Gwarzo ta ba jihar Kano mataimakan gwamna biyu, Abdullahi Tijjani Gwarzo da Aminu Abdussalam Gwarzo. Ɗan Gwarzo ne, Adamu Abubakar Gwarzo, ya kafa Jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi da Kano. Kabo ta fitar da marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo mai kamfanin jiragen sama na Kabo Air, da Sanata Barau Jibrin, wanda ya zama mataimakin shugaban Majalisar Dattawa a 2023, kuma an kawo babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya garin. Abin alfahari ne. Sai dai Amurka ma ta yi shugaban ƙasa baƙar fata a 2009, makarantun unguwannin baƙaƙe ba su gyaru don haka ba. Babbar makaranta a Kabo za ta cika da ɗalibai ko ta yaya. Tambayar ita ce nawa ne daga cikinsu za su fito daga firamaren Durun da Gammo da Hauwade, ko ta Kutama da Lakwaya da Mainika.

Kano ta taɓa nuna cewa ta san yadda ake yi. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, a wajen birni, aka zuba musu malamai da kayan aiki, aka ɗebo yara ta hanyar jarrabawa ba tare da duba gidan da suka fito ba. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga nan sun cika asibitoci da ma'aikatun Arewa, da yawansu 'ya'yan manoma ne. Amma ƙofar shigarsu jarrabawa ce, jarrabawa kuma sai wanda firamarensa ta koya masa karatu. In tushen ya rushe, har wannan tsani ya koma na masu hali.

Dokokin ma akwai su. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason. Gwamnatin Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, jihar kuma ta ware wa fannin kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta. Ina maraba da wannan da zuciya ɗaya. Amma kasafi jimla ce, kuma jimla tana ɓoye rabo. Ana iya kashe biliyoyi a jiha, a raba daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 44, wariyar ta tsaya yadda take, domin wanda aka bari a baya shekara 100 ba rabo daidai yake bukata ba, ƙari yake bukata.

Kafin lauyoyin baƙaƙen Amurka su ci nasara a kotu, sai da malamin Thurgood Marshall, Charles Hamilton Houston, ya zaga kudancin ƙasar a shekarun 1930 da na'urar ɗaukar hoto, yana ɗaukar makarantar farare da ta baƙaƙe a gunduma ɗaya, yana tara alƙaluman abin da ake kashe wa kowacce. Da wannan shaida aka fara. Mu ma ba abin da ya hana mu. Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye da al'umma, kowane gari yana da ƙungiyar ci gabansa, da ɗalibanta na jami'a da ke dawowa hutu da waya a hannu. Su bi mazaɓun Gwarzo da na Kabo makaranta-makaranta, su rubuta yara nawa, malamai nawa a takarda, nawa ne ke zuwa, aji nawa ke da rufi, nisan sakandare mafi kusa nawa ne, mata nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji shida. Kada a tsallake rugage, kada a tsallake unguwannin da aka saba tsallakewa. A kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a kai wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a karanta a rediyo, a ajiye kusa da alƙaluman makarantun Nasarawa da Tarauni. A nemi alawus na musamman da gidan zama ga malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye, a kuma nemi a daina sauya masa wuri da takardar alfarma sai an kawo madadinsa.

Kai kuma da ka fito daga ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, Allah ya ɗaga ka, 'ya'yanka suna makarantar kuɗi a birni, ba wanda ya ce ka cire su. Amma in ka je gida Sallah, kada ka tsaya a gaisuwar dangi. Ka taka zuwa firamaren da ta yaye ka, ka nemi hedimasta, ka tambaye shi malamai nawa gare shi.